Faratan Mai Jita

Akwai wani ɗalibin jami'a da 'yan unguwa ke kira Mai Jita. Kiɗansa ba na hayaniya ba ne. Da yatsu yake taɓa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kuma farce ne ke fitar da zaƙin sautin. Shi ya sa ya bar faratan hannunsa na dama suka yi tsawo, yana goge su yana lallaɓa su kamar ƙwai.

Yayarsa, in ta zo gida, takan ce ya zo ta shafa masa jan farce a huta. Baba kuwa bai taɓa cewa uffan ba. In ya ji an fara kiɗa, sai kawai ya ƙara muryar rediyo. Wannan ya fi zagi ciwo a wurin Mai Jita, amma ya shanye.

Ya daɗe yana zarya wajen wani mai situdiyo, mutumin da layinsa ba ya ƙarewa. Da ƙyar mutumin ya saurare shi, ya kuma sa masa ranar ɗaukar kiɗansa na farko, bayan jarrabawa. Tun daga nan rayuwarsa ta zama aji, ɗakin karatu, jita.

Ana cikin haka Baba ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, ga ciwon suga da ma yana fama da shi. Yaya tana gidan mijinta a wani gari, Umma kuma ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Juyawa, wanka, canza kaya, duk suka dawo kan Mai Jita.

Wata safiya yana tallabo Baba daga kan gado, farcensa ya karce shi a baya. Ɗan ƙaramin karce ne, amma ya ƙi warkewa, har ya fara ruwa. Nas ɗin da ke zuwa wanke ciwon ta kalli hannun Mai Jita ta ce fatar mai suga ba ta son wasa, duk mai ɗaga shi dole ya yanke farce.

Mai Jita ya gwada safar hannu, Baba ya kusa suɓuce masa a banɗaki. Ya kira mai situdiyo ya roƙi a ɗaga ranar, aka ce wanda ya bar layi sai dai ya koma baya. Ya nemi wanda zai kama masa, kowa da uzurinsa. Farce kuwa ba a yi masa gaggawa, in an yanke sai ya ga dama yake fitowa.

Umma ta same shi a bakin ƙofa yana kallon hannunsa. Ta ce, "Auta, ba zan ce ka yanke ba, ba kuma zan ce ka bari ba. Ni ma ban san yadda zan yi ba."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko abin yankan farce. Abin da ya yi shekaru yana tattali, kafin ruwan wankan Baba ya huce ya gama da shi.

Ranar ɗauka ya je duk da haka, don zuciya ba ta saurin haƙura. Ya kaɗa kiɗan farko, sautin ya fito a dushe kamar an danne jitar da filo. Mai situdiyo ya cire abin kunnensa, ya ce, "Ɗan'uwa, ba wannan na ji rannan ba. In hannunka ya dawo, ka sake bin layi."

Ya dawo gida jiki a sanyaye. Bai ga laifin kowa ba, kuma wannan ne ya fi yi masa nauyi, don babu ma wanda zai yi fushi da shi.

Da la'asar ya zauna a gefen gadon Baba, tun da ba a barinsa shi kaɗai. Ya kunna rikoda a wayarsa don ya ji iyakar lalacewar kiɗan, ya fara taɓa tsirkiya da tsokar yatsu a hankali. Yau dai Baba ba ya iya tashi ya ƙara rediyo, wannan tunanin ya sa shi jin kunya har ya tsaya.

Sai Baba ya miƙo hannunsa mai lafiya ya kama na ɗansa. Ya shafa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ji babu farce ko ɗaya. Hawaye ya gangaro masa. Bakin da likita ya ce kada a sa rai da shi ya motsa da ƙyar.

"Allah... Ya yi maka... albarka. Ci gaba."

Baba bai sake magana ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Farata sun fito daga baya, layi ya zagayo, Mai Jita ya ɗauki kiɗansa tsaf a situdiyo. Amma in ka tambaye shi wanne ya fi so, wayarsa zai ciro. Kiɗa ne dusasshe, ana jin ƙarar fanka a ciki, kuma shi kaɗai ne wurin da muryar Baba ta rage a duniya.

Darasi: Abin da ka yanke saboda iyayenka yana sake fitowa, su kuwa in sun tafi ba sa dawowa. Kada burinka ya sa ka yi musu rowar hannunka. Ka tura wannan labari ga wanda nasa iyayen suke raye, ko ya tashi ya leƙa su yau.