Tsinken Zuma da Shafin Manomi

Akwai wani manomi wanda ya faɗo daga kan rumbu, bayansa ya lalace, har fartanya ta gagare shi. Abu ɗaya ya rage masa: ya san yadda ake ajiye wake da toka, ƙwari ba su taɓa shi ba. Sai ya ɗauki darussa a kan wannan dabara da muryarsa a waya, ya buɗe shafi a intanet domin ya sayar, ya ci gaba da ciyar da gidansa.

A shafin kuwa ya sa hotonsa cikin babbar rigarsa ta Kirsimeti, hula a karkace kamar ango. Ya rubuta a ƙasa, “Darasi mai kyau, ku saya.” Mutane suka shigo, suka kalli riga, suka wuce. Kaka ta zo ta tafi, ba wanda ya saya. Zuciyarsa ta karai ƙwarai, ya ce wa matarsa, “Na zama kaya a gidan nan.”

Matar nan mai sayar da zuma ce a kasuwa. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ɗauko kwalba, ta tsoma tsinke, ta sa masa a baki. Ta ce, “Baban yara, yaushe ka ga na sayar da zuma a rufe? Sai mutum ya lasa tukuna. Naka kayan ma ba a iya taɓa shi da hannu. Rigar nan ta yi maka kyau, amma ba ita za su ci ba.”

Ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Suka cire hoton rigar, suka sa na hannuwansa biyu: ɗaya da wake lafiyayye, ɗaya da wanda ƙwari suka huhhuda. Ya faɗi abin da ke cikin darussan a fili, ya kuma ce ba za su ceci waken da ya riga ya lalace ba. Darasi na fari kuwa ya bar shi kyauta.

Da damina ta faɗi, masu saye suka fara zuwa. Wata gwauruwa daga ƙasa mai nisa ta aiko da saƙon murya, ta ce, “Baba, na kyautar kawai na iya saurara, amma marayuna sun ci wake har shuka. Allah ya sāka maka.” Manomin ya saurara, ya sake saurara, yana hawaye. Bai ƙara kiran kansa kaya ba.

Ga ma'anar wannan misali, ƙaunatattuna. Darussan nan su ne bangaskiyar da ke zuciyarku, wadda ido ba ya gani. Shafin shi ne zamanku da mutane. Maƙwabcinka ba zai san alherin Ubangiji daga rigarka ta Lahadi ba, sai ya lasa shi a cikin haƙurinka da gaskiyarka da abincin da ka raba da shi. Kai kuma da kake ganin amfaninka ya ƙare, Allah bai gama da kai ba. Ka tsoma tsinke, ka miƙa wa na kusa da kai.