Baƙin Mai a Iyakar Bushiya da Zomo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na jiranta.

Wata shekara baƙin mai ya ɓuɓɓugo daga ƙasa, daidai kan iyakar gonar Bushiya da ta maƙwabcinta Zomo. Suka haƙa rijiya a wurin. Ba su gama shawarar rabo ba sai ga Kura daga ƙasa mai nisa.

Ta ce, "Bushiya, Zomo na shirin ƙwace rijiyar nan. Bari in girke dakaruna su tsare miki."

Bushiya da ma matsoraciya ce, ta yarda. Washegari ta hango Damisa da nata dakarun a gonar Zomo. Sai ta gaskata maganar Kura.

Yaƙi ya ɓarke. Baƙi na raba kibau, 'yan gida na mutuwa. Ranar da aka kawo gawar autanta, Bushiya ta tsallaka iyaka ita kaɗai zuwa wurin Zomo.

Ta ce, "Maƙwabci, me na yi maka?"

Zomo ya ce, "Damisa ta ce kin ɗauko Kura don ki hallaka ni."

"Ni kuma Kura ta ce kai ne za ka far mini."

Nan suka gane an haɗa su faɗa ne. Suka tashi tare don su sallami baƙin nan. Suna isa rijiya suka tarar Kura na jan guga, Damisa na tara tulu, dakaru sun kewaye wurin.

Kura ta ɗago kai ta ce, "Lafiya? Me kuke nema a bakin rijiyarmu?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.