Ranar da Sallau Ya Yi Shiru a Rijiya

To, ku gyara zama. Wannan ba labarin a ji a watse ba ne, sai kun yanke mini hukunci zan sallame ku. Kai Ɗanlami, ajiye wayar nan, ba guduwa za ta yi ba.

A wani gari da ake kira Tudun Marke akwai sakandaren je-ka-ka-dawo, a cikinta kuma akwai malamar kimiyya, Malama Bara'atu, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ita ta buɗe ajin ƙere-ƙere bayan an tashi, inda 'yan ƙaramar sakandare da 'yan babba suke koyon awo da zane da haɗa waya da sarrafa ƙarfe, don wanda Allah ya nufa da zama injiniya ya fara tun da sauran ƙuruciya. Mutanen gari suka raɗa wa ajin suna makarantar gwangwani, saboda kullum yaran suna yawon tsintar tarkace a bola. Ita ko a jikinta. Dokarta guda ce: kada wanda ya ƙera mata abin ado. Ka je ka duba abin da yake damun gidanku, ka zo a nema masa magani.

Ana nan sai aka ba makarantar gurbi ɗaya tak a kwalejin fasaha ta birni. Wanda ya samu zai yi dogon hutu yana koyo a hannun injiniyoyi, daga nan a ɗauki nauyin karatunsa har ya gama. Aka ce wani Injiniya Ƙasimu zai zo ya duba abin da yara suka ƙera, ya zaɓi mutum guda. Da aka tankaɗe aka rairaye, yara uku suka rage.

Ta farko Saude, 'yar aji uku, ita ce ƙaramarsu, ga tsiwa kamar ta yi sayarwa. Akwai shekarar da hayaƙin janareto ya kusa gamawa da ita da ƙannenta a ɗaki, ba su ji komai ba sai farkawa suka yi a asibiti. Don haka ta haɗa wata 'yar na'ura a cikin gwangwanin madara, mai batir, wadda in ta shaƙi hayaƙin inji sai ta kama tsuwa, ba ta yin shiru sai iska ta gyaru.

Na biyu Tasi'u, ɗan aji biyar, shiru-shiru, sai ka wuni da shi bai yi maka magana goma ba. Shi tausayin mahaifiyarsa yake ji, da take tsayuwa a rana da faifai tana jiran iska ta taso kafin ta yi shiƙa. Ya samo ƙafar tsohon keke da kaca, ya yanka kwanon rufi ya yi mata fukafukai, ya ƙera injin shiƙa mai hannu. Kana juyawa iska tana fita da ƙarfi, ƙaiƙayi gefe, tsaba gefe.

Na uku Lawwali, ɗan aji shida, ƙato mai yawan dariya. Mahaifinsa ɗan dako ne a kasuwar hatsi, buhu ya cinye masa baya har ba ya iya ruku'u sosai. Lawwali ya haɗa dogayen bututun ƙarfe uku kamar murhu, ya rataya tayoyin ƙarfe da igiya take bi ta kansu, ya sa marfin juyawa. Da wannan ko yarinya sai ta ɗaga buhun masara ta ɗora a kura.

Ranar da injiniya zai zo, tun da hantsi yaran suka jera kayansu a filin makaranta. A bayan katangar kuwa akwai tsohuwar rijiyar unguwa, Baba Sallau mai yasar rijiya yana ciki yana aiki. Mutumin nan ya tsufa a cikin rijiyoyi, da guga yake kwashe ruwa kafin ya fara ɗebo laka. Bana ƙarfi ya ragu, sai ya aro injin ban ruwa a wajen masu noman rani. Mesar ta yi gajarta, ba ta kai ruwa daga sama, shi ne ya zura injin ciki ya ɗora a kan wani dutse, ya tayar da shi, ya sauka abinsa. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, waƙar da Sallau yake yi ita ma ta ɗauke. Ɗansa Idi, da yake jan guga a sama, ya kira ya kira, babu amsa sai wani nishi can ƙasa. Ya ƙwalla ihu.

Kafin ka ce kwabo unguwa ta cika wurin. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne suka riƙe shi, a kawo turare. Idi ya tuɓe riga ya zura ƙafa zai sauka, dattawa suna cewa ya yi maza. Kun san halinmu, in ɗan'uwa ya yi shiru a rijiya, na kusa da shi ne yake faɗawa, haka ake fito da gawa biyu ko uku a rami ɗaya.

Saude ce ta kutsa tsakanin manya ta cafke wandon Idi da hannu biyu.

"Yaya Idi, wallahi in ka shiga ba za ka fito ba!"

"Sake ni, ke! Ubana ne a ciki!"

Wani dattijo ya daka mata tsawa: "Ke 'yar wa ce, mara kunya?"

"Baba, ka yi haƙuri, ka dake ni daga baya. Ku dai saurara."

Ta ɗaura gwangwaninta a zare ta zura. Bai kai rabi ba ya kama tsuwa kamar ana yanka shi. Ta ce hayaƙin inji ne ya kwanta a ƙasa, ba a ganinsa, kuma duk wanda ya shaƙa zai zube inda Baba Sallau ya zube. Idi ya janye ƙafarsa yana kuka.

To, an hana na biyu mutuwa, amma na farko yana can yana shaƙar ajalinsa. Tasi'u ya zabura. Ya ruga ya kinkimo injin shiƙarsa, ya sa guduma ya ɓalle mazubin hatsin da ya yi wata da watanni yana gyarawa, ya cusa wata doguwar mesar ban ruwa a bakin da iska take fita, ya naɗe da tsohuwar roba. Aka zura mesar har kusa da fuskar Sallau. Ya kama juyawa. Da wasu suka karɓe shi kacar sai ta riƙa zamewa, don shi kaɗai ya san lagonta, dole ya koma. Tafin hannunsa ya saluɓe, jini yana bin marfin, bai tsaya ba har tsuwar gwangwanin Saude ta fara sanyi, ta zo ta yi shiru.

Saura fitarwa. Samari suka kama igiya za su ja da ƙarfin tuwo, sai bakin rijiyar ya fara zabtarewa, ƙasa da tsakuwa suna zuba a kan tsohon. Lawwali ya ce kowa ya ja baya. Ƙafafun ƙarfensa ba su buɗe yadda za su haye bakin rijiya ba, sai ya kwance ƙusoshin da suka riƙe su, ya tanƙwara su da ƙarfi, ya kafa su nesa da inda yake zabtarewa, igiya ta sauka a tsakiya ba ta taɓa bango. Aka ɗaure Idi, aka rataya masa gwangwanin Saude a wuya, Lawwali ya sauke shi a hankali. Idi ya ɗaure mahaifinsa aka jawo, sannan aka jawo Idin. Ƙafarsa tana taɓa ƙasa ƙarfen ya lanƙwashe ya zube. Gwangwanin Saude kuwa tuni ya tsinke ya nutse a ruwa.

A asibitin gari Sallau ya buɗe ido. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an fito da injin mutane. Ni da nake ba ku labarin nan, duk lokacin da na zo nan sai na ji ƙwalla, don da sauran shan ruwansa a gaba, kuma Allah ya sa a hannun 'yan makarantar gwangwani ne.

Bayan azahar Injiniya Ƙasimu ya iso. Ya tarar da fili babu komai sai ɓallallen inji, lanƙwasasshen ƙarfe, da yarinya riƙe da guntun zare. Aka ba shi labari, ya je ya leƙa rijiyar, sannan ya juyo ga Malama Bara'atu ya ce:

"Malama, ƙira aka aiko ni in duba, ga shi babu ko ɗaya da take aiki. Ke kika san yaranki, ki zaɓa mini."

Malama Bara'atu ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin uwa ta zaɓi ido ɗaya a fuskarta?"

Kada ku zaci yaran waliyyai ne da za su ce a bar wa wane. Da aka tambaye su, Saude ta ce ita dai tana so, ba za ta yi ƙarya ba. Lawwali ya ce shekararsa ta ƙarshe ke nan, in ya rasa bana sai kasuwa. Tasi'u kuwa hannuwansa da aka naɗe da bandeji kawai ya ɗora a gwiwa.

Gari ya rabu uku. Masu goyon Saude suka ce ba don ita ba da gawa biyu aka fitar, kuma ba wanda zai san iska ake bukata. Masu goyon Tasi'u suka ce sanin ciwo ba ya warkar da shi, iskar yaron nan ce ta riƙe ran Sallau. Masu goyon Lawwali suka ce da iskar da sanin duk a banza, in rijiya ta rufta da mutum.

Kada wani ya ce mini Idi, shi ba ɗan makarantar ba ne. Kada kuma a ce a raba, kujera ɗaya ce, motar injiniya kuma tana jira a bakin ƙofa.

To, ku da kuke zaune nan, tsakanin Saude da Tasi'u da Lawwali, wa za ku sa a motar nan?