Randar da Aka Rufe wa Tsaga da Zane

Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, tana kuma da mata huɗu masu yi mata zane. Idan ta gina randa ta sha iska, sai su yi wa randar ado da jar ƙasa da farar ƙasa, da gashin kaza a hannu. Sau ɗaya a wata ake tara tukwanen unguwar duka a tuli guda, a lulluɓe da ciyawa da kirare, a gasa su tare.

A cikin matan nan akwai wadda hannunta ya fi na kowa, ita ma ta san da haka. Kwana uku ta yi a kan wata babbar randa, ta zana mata zabi da ganyen rogo har wuya. Tana gab da gamawa sai gashin kazar ya sarƙe a wata siririyar tsaga kusa da gindi. Ta kuwa sani randa mai tsaga takan fashe a wuta, ta farfasa na kusa da ita. Ta duba hagu da dama, ta dangwalo jar ƙasa, ta zana ganye a kan tsagar. Ganyen kuwa ya yi kyau ƙwarai!

Ranar gashi aka sa randar a tsakiyar tuli. A jikinta aka jingina tuluna shida na wata gwauruwa, waɗanda da kuɗinsu za ta ciyar da 'ya'yanta a watan nan. Da mai zanen ta ga an ɗauko wuta, sai ta kasa daurewa. Ta ɗaga murya ta ce, “Iya, a dakata! Randata tana da tsaga, ni na rufe ta da zane.”

Aka yaye ciyawa, aka fito da randar a gaban kowa. Tsohuwar ta farfasa ta, ta zuba gutsattsarin a ƙwarya, ta kwarara ruwa. Matar ta fashe da kuka saboda kunya da aikinta na kwana uku.

Tsohuwar ta ce, “Share hawayenki, 'yata. Yumɓun da bai ga wuta ba yana jiƙuwa. Jibi zan sake gina ta.”

Ma'anar wannan misali ita ce, tsagar nan zunubin da muke ɓoyewa ne. Mu kuwa gwanayen zane ne, mun iya rufe shi da waƙa mai daɗi da fararen kaya ran Lahadi. Amma ba mu kaɗai muke cikin tuli ba: matarka tana jingine da kai, 'ya'yanki suna jingine da ke. Furta laifi yana da zafi, ba zan ruɗe ku ba, za a ji kunya, ado kuma zai tafi. Duk da haka Ubangiji ba ya zubar da yumɓunsa, sake ginawa yake yi. Yau ba a kunna wuta ba tukuna. Wanda ya san inda ya zana ganye, bari ya buɗe baki ya ce a dakata.