Alluna Huɗu, Suna Ɗaya

A wani ɗan kamfani da ke saman shagon mai sayar da fanka, akwai wata matashiyar injiniya da abokan aikinta ke kira Yanzu-Yanzu. Kaifin basira kam akwai shi, ba a magana. Matsalar da wani zai yi mako yana fama da ita, kafin shayinta ya huce ta gano bakin zaren. Sai dai ba ta da haƙurin maimaita abu ko kaɗan. In ta gwada abu sau ɗaya ya yi aiki, to a wurinta an gama, duk wanda ya ce a sake dubawa ya zama mai ɓata mata lokaci. Aikinsu shi ne haɗa ƙananan alluna, irin korayen nan masu cike da 'yan sassa da ake gani in an buɗe rediyo, su kuma rubuta manhajar da ke tafiyar da su.

Tana da yaya namiji, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu har ta gama karatu. Sana'arsa ƙyanƙyasar kaji. A bayan gidansa ya gina wani dogon ɗaki, ya jera injinan ƙyanƙyasa huɗu a ciki. Ƙwai kuwa ba ya wasa da sanyi: in zafin inji ya sauka aka daɗe ba a lura ba, 'yan tsakin da ke ciki sun tafi ke nan. Saboda haka Yaya ba ya iya nisa da gida, ko kasuwa ya je rabin hankalinsa na wurin ƙwai.

Wannan abu ya tsaya wa Yanzu-Yanzu a rai. Wata rana ta ce, "Yaya, na yi alwashi sai na raba ka da gadin ƙwai. Zan sa wa kowane inji allo mai auna zafi. Da zarar zafi ya sauka, allon zai aiko saƙo wayarka ta waifai, ko kana ina."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Auta ke nan! To wa zai kawo saƙon?"

"Direba," in ji ta.

"Direba kuma? Ni da ko keke mai kyau ba ni da shi?"

Ta kwashe da dariya, ta bayyana masa cewa direba wata 'yar manhaja ce da ke zaune a can cikin cibiyar manhajar allon, wadda suke kira kanel, aikinta ta tuƙa ɗan sashen da ke kama waifai. Yaya ya ce shi dai bai gane ba, amma ya yarda da ita.

Ta duƙufa. Ta zana, ta liƙa sassa da dalma, ta ƙone yatsa, ba ta fasa ba. Alluna huɗu suka fito tsaf. Saura abu guda. Shi direban nan makaho ne, bai san a kan wane allo aka ɗora shi ba sai an faɗa masa. Duk lokacin da aka kunna allo, yakan karanta wani ɗan fayil da ke gaya masa ta wace waya wuta ke shigo wa sashen waifai, yaya ƙarfin eriyar yake, da kuma adireshin allon, wato sunan da zai riƙa amsawa da shi a kan hanyar sadarwa. Masu ƙera sashen sukan bayar da fayil na misali, don mutum ya duba ya rubuta nasa.

Yanzu-Yanzu ta ɗauki na misalin yadda yake ta zuba wa allo na farko. Ta kunna, ya kama waifai nan take. Ta kashe shi ta kunna na biyu, shi ma haka. Kan ka ce kwabo ta kwafa wa duka huɗun.

Shugaban sashensu, wanda kowa ke kira Oga, ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Wannan ai fayil ɗin allon masu ƙera sashen ne. Kin auna eriyarki? Kin ba kowanne adireshinsa?"

"Oga, duk sun kama. Da idona na gani."

"Ɗaya bayan ɗaya kika gani. Kunna su tare ki bar su su wuni, sannan ki zo ki ba ni labari."

"Yanzu-yanzu, Oga," ta ce, tana cusa su a jaka. Ba ta kunna su tare ba. Zumuɗin ganin fuskar Yaya ya hana ta zama.

Ta je ta ɗaura kowane allo a jikin injinsa. A wayar Yaya wata alama kore ta bayyana. Ya juya wayar ya ce, "Ya na ga alama ɗaya, alhali injina huɗu ne?"

"Ɗayar ta isa, Yaya. Kore lafiya, ja matsala. Ka saki jiki."

Ya kuwa saki jiki. Ranar farko ya yi ta zarya tsakanin waya da ɗaki, daga baya ya rage, har ya daina. Matarsa ta kira Yanzu-Yanzu tana sa mata albarka, wai yanzu ne ta san tana da miji a gida.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, alluna huɗun nan duk da suna ɗaya suke amsawa. Na'urar da ke raba waifai a gidan ta ɗauka allo guda ne. Wanda ya fi kusa da ita shi ke cin layi, sauran sai su shiga su fita, na can ƙuryar ɗaki kuwa, da eriyarsa ba a daidaita ba, ko ɗuriyarsa ba a ji. Ita kuma wayar Yaya, muddin sunan nan na amsawa, kore take nunawa.

Ana saura 'yan kwanaki ƙyanƙyasa, Yaya ya tafi wani gari ɗauko abincin kaji. Da safe aka tsuge da ruwa, gari ya yi sanyi. Wayar wutar da ke ɗumama injin ƙurya ta ƙone. Allonsa ya auna daidai, ya yi ta aika saƙo, babu wanda ya isa. Yaya na cikin mota yana duba waya, yana ganin kore, yana hamdala. Ko da ya dawo bai leƙa ɗakin ba sai washegari.

Da ya kira ta, muryarsa a sanyaye ya ce, "Auta, in kin samu sarari ki zo."

Tana shiga ɗakin ta ga ƙofar injin ƙurya a buɗe, Yaya na tsugune. Ya fasa ƙwai ɗaya a tafin hannunsa. Ga ɗan tsako nan, ya yi baki, ya yi gashi, amma ba rai. Ya miƙo mata wayar. Har lokacin kore take nunawa.

Da zaginta ya yi, wallahi da ya fi mata sauƙi. Ta buɗe kwamfutarta a kan buhun dusa, ta duba adireshin allunan, ta ga huɗun nan harafi bai bambanta ba. Kunya ta kama ta, hawaye suka zubo. Ta share ta ce, "Yaya, ba injinka ne ya cuce ka ba, ni ce. Kuma ba zan bar wannan aikin haka ba."

Ta kwance allunan duka ta mayar ofis. Ta samu Oga ta faɗa masa komai. Bai ce ai na gaya miki ba, kujera kawai ya jawo mata gaban na'urar awon eriya. Ta zauna. Allo bayan allo take aunawa, ta rubuta wa kowanne fayil ɗinsa, ta ba shi adireshin da babu mai irinsa. Ta gyara manhajar wayar ta riƙa nuna alama huɗu, kuma duk allon da ya yi shiru ta ɗauke shi a matsayin matsala. Ta kunna su tare, ta kai ɗaya bayan ƙofa, ta sa wani a firij, ta zare wa wani wuta, duk don ta ji wayar ta yi kuka. Abokan aiki suka fara tsokana, wai Yanzu-Yanzu ta koma Sai-Gobe. Ko a jikinta.

Ranar da ta mayar da su, ta gwada kowanne a gaban Yaya. Ya gode, ya sa mata albarka. Suka zauna a tsakar gida, alamu huɗu na haske kore a wayar da ke kan gwiwarsa. Ana tsakiyar hira sai ya miƙe, wai zai duba wani abu. Ta bi shi da ido ta taga. Ya buɗe injin farko ya zura hannu ya ji ɗumin, ya rufe, ya wuce na biyu. Da ya juyo suka haɗa ido, sai ya sunkuyar da kai, kamar shi ne mai laifi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ya yi aiki a wuri ɗaya ba lalle ya yi a wani ba. Kowane allo da bayanansa, kowane aiki da irin kulawar da yake buƙata, kwafe na wani kuwa ba gama aiki ba ne. Duk wanda mutane za su dogara da aikin hannunsa, ya gwada shi yadda za a yi amfani da shi, kada zumuɗi ya sa ya tsallake matakin da ke gundurarsa. Na'ura in ta lalace akan gyara ta cikin 'yan kwanaki, amma yardar da mutum ya ba ka in ta tsage, gyaranta na ɗaukar lokaci mai tsawo.