Kurege da Dakuwar Iya Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

To, ku matso, ku bar tonon wutar nan haka. Wadda zan ba ku yau akwai dariya a cikinta, amma ban yi muku alkawarin da dariyar za ku tashi ba.

Wata shekara ce bazara ta yi tsawo, rumbuna suka koma sai ƙaiƙayi. A garin dabbobi kowa na lallaɓa ɗan abin da ya rage masa, ban da Kurege, don shi ba shi da abin lallaɓawa. Bara da ake noma ya ce ciwon baya yake yi. Bana kuwa ciwon ciki ne, kuma na gaske.

Ana nan sai Shamuwa ta dawo daga kudu, ta sauka kan tsamiyar kasuwa tana ba da labarin Ƙasar Bakin Teku. Ta ce ƙasa ce mai faɗin gaske, tafiyar kwana arba'in ga mai ƙafa. Rana ba ta ɓuya a can, gishiri a ƙasa ake share shi, ruwa kuwa ya miƙe har ya haɗe da sama.

Kurege bai ji gishiri ba, bai ji ruwa ba. Kwana arba'in kawai ya ji. Dalili kuwa, al'adar garin ce duk mai doguwar tafiya ya bi gida gida ya yi bankwana, ya nemi gafara, don ba a san mai dawowa ba. Kuma abu biyu ba a hana matafiyi: yafiya da guzuri. Ko loma ɗaya ta rage maka, sai ka gutsura masa.

Washegari ya rataya burgami, ya marairaice fuska, ya fara da gidan Zabuwa.

"Salamu alaikum. Tafiya ta kama ni, Bakin Teku. A yafe mini."

Zabuwa ta ce, "Me ka yi mini, Kurege?"

"Ƙwanki goma sha biyu da suka ɓata bara."

"Ashe kai ne! Ni da na yi wata uku ba na gaida Guza!" Ta yi kamar ta tsattsage masa ido, amma al'ada al'ada ce. "Na yafe. Ungo gero."

Ya wuce gidan Kura. "Gwaggo Kura, tafiya ta kama ni. A yafe mini kilishin da kika shanya kan danga."

Kura ta haɗiye miyau mai ɗaci. "Na yafe. Ungo ƙashi."

Haka ya bi gari, yana sauke laifi yana ɗaukar hatsi, har ya kai gidan ƙarshe, na Iya Bushiya. Tsohuwa ce tukuf, idonta ya tafi, sai hanci da kunne suka rage mata. Ɗanta guda ne a duniya, Ƙayau, shi kuwa ya tafi Bakin Teku neman arziki damina bakwai da suka wuce, ko saƙo bai aiko ba.

"Iya, tafiya ta kama ni, Bakin Teku. A yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba tukuna, ɗan nan. Bakin Teku ka ce? Zauna."

Ta laluba ta ɗauko gyaɗar da ta ajiye ta iri, ita ke nan gare ta. Ta soya, ta daka, ta dunƙula dakuwa guda, ta ƙunshe a ganye.

"Wannan ba guzurinka ba ne, sallahu ne. Ka kai wa Ƙayau, tun yana goye yake son ta. Ka ce masa ina nan da rai, amma ya yi sauri."

"An gama, Iya."

Ni a nan nake jin haushin Kurege. Wanda ya ci geron Zabuwa ɓarawo ne kawai, kuma ɓarayi ba su ƙare a duniya ba. Amma ka miƙa hannu biyu ka karɓi saƙon uwa, alhali ka san ba inda za ka, wannan kam sai Kurege.

Ranar tafiya ta zo, Kurege bai tafi ba. Ya ce ƙasar rana ce, sai an saƙa masa malafa. Aka saƙa. Ya ce to, tunda kwanaki sun shiga tsakani, ai an yi sababbin laifuffuka, sai a sake bankwana. Ya sake bin gari, ya sake cika burgami. Rana ta sake zuwa, ya ce yashin can da zafi, sai takalmi. Aka yanka masa takalmi, ya sake bankwana. Da ya ce saura a duba masa rana mai sa'a, sai Kura ta dafa shi.

"Gobe ce mai sa'ar. In ba ka tafi Bakin Teku ba, za ka tafi cikina. Shi ma akwai faɗi."

Da safe gari ya raka shi har Kukar Rakiya, wata tsohuwar kuka a bayan gari wadda mai rakiya ba ya wuce ta. Aka yi addu'a, aka shafa, kowa ya juya. Kurege ya yi taku goma zuwa kudu, ya waiga, ya yi taku goma zuwa arewa, ya haƙa rami a gindin kukar ta baya, ya shige da kayansa.

Ruwa ya sauka, ana shuka, Kurege na ci. Ana noman farko, Kurege na ci. Ana maimai, Kurege na ci yana barci. Gero ya ƙare, ƙashi ya ƙare, ya rage sai ƙunshin Iya.

Ya dube shi ya ce, "Ke ba tawa ba ce."

Washegari ya ce, "Ke ba tawa ba ce, amma amana ai sai ana duba ta." Ya buɗe, ya shinshina.

Rana ta uku ya ce, "Ke ba tawa ba ce, amma gefen nan ya fara bushewa." Ya gyara gefen. Ya gyara ɗaya gefen don su yi daidai. Kafin azahar yana lasar ganye.

Da ya hango Shamuwa ta tashi ta koma kudu, ya san ba sauran mai ƙaryata shi. Ya tsinci katantanwa a rafi, ya kankaro kanwa a fadama, ya shafa gawayi a fuska, ya shigo gari yana ɗingishi, daidai ana girbi.

Gari ya taru. Ya raba tsaraba. "Wannan wuri ne na teku. Wannan kuma gishirin can ne, ya fi namu ɗaci don ya fi ƙarfi. Fuskar nan kuwa rana ce ta toya ni."

Kura ta ce, "Ruwan da ya haɗe da sama fa?"

"Na taɓa wurin haɗin da hannuna, Gwaggo. Akwai ɗinki."

Kowa ya riƙe baki. Ana cikin haka sai ga ƙwas, ƙwas, sandar Iya Bushiya. Aka dare mata hanya.

"Ɗan nan, ka gan shi?"

Kowa ya juyo ya dubi Kurege. Da a nan ya faɗi gaskiya, da tatsuniyar ta ƙare, ku je ku kwanta. Amma mai hali ba ya fasa halinsa.

"Na gan shi, Iya. Shi ne Sarkin Gishiri na can, gidansa soro ne. Ya ci dakuwa yana hawaye. Sarauta ce ta riƙe shi."

Iya ta matso dab da shi, ta ja numfashi ta hanci. Can ta ce, "Alhamdu lillahi. Tunda shi ba zai iya zuwa ba, ni zan je. Kai ka san hanya."

Kurege ya ce, "Iya, ƙasar rana ce!"

Zabuwa ta ce, "Ga malafarka nan."

"Yashi da zafi!"

"Ai goya ta za ka yi."

"Rana mai sa'a fa?"

Kura ta yi hamma, haƙoranta duka a waje. "Gobe."

Iya ta bi gida gida ta yi bankwana, aka rasa abin da za a yafe mata. Ta ba Zabuwa turminta, ta ce ba za ta sake buƙatarsa ba, amma sai da ta yi daka na ƙarshe a ciki. Gyaɗar da aka ba ta guzuri ta dunƙula wata dakuwar, ta sa a burgamin Kurege.

Da safe aka raka su Kukar Rakiya, aka yi addu'a, aka juya. Kurege ya riga ya gama shirinsa: da gari ya ɓace musu, sai ya zaunar da tsohuwa a inuwa ya ce zai nemo ruwa, daga nan sai labarinsa. Suna zagaya kukar, sai Iya ta tsaya. Ta laluba da sanda har bakin ramin, ta sunkuya ta ɗauko busasshen ganye.

"Nan ne Bakin Tekun naka?"

Ta juyo wajen Kurege ta ci gaba.

"Tun ran da ka dawo na sani. Wanda ya je teku gishiri yake wari. Kai saiwar kuka kake wari, da sauran dakuwata a gashin baki."

"To me ya hana ki tona ni, Iya?"

"In Kura ta cinye ka, wa zai goya ni? Kowa a garin nan da gonarsa, kai kaɗai ne ba ka da komai sai ƙafa. Ka karɓi yafiyar gari sau uku a kan tafiyar da ba ka yi ba. Tawa fa, ka ji na ce na yafe?"

Ya tuna. Ba ta ce ba.

"Ban san hanya ba, Iya."

"Bi rafin nan. Rafi ya san kogi, kogi ya san teku. Durƙusa. Kura ba ta yi nisan da ba za ta ji muryata ba."

Ya durƙusa. Ku da ba ku taɓa goya bushiya ba, ku gode Allah. Ƙayarta ta shiga haƙarƙarinsa dama da hagu, in ya yi sauri ta soke shi, in ya yi sanyi ta soke shi. Suka bi rafi, rafi ya kai su kogi. Rana ta fara nuna musu ita ce mai ƙasar. Ya ji numfashin tsohuwa yana gajarta a bayansa, sai ya tuɓe malafa ya kifa mata, shi kuma ya ɗaga wutsiya ya yi inuwa da ita. Ba wanda ya sa shi. Har yau ban san abin da ya shige shi ba.

Guzuri ya ƙare a kwana na talatin. Kullum da safe ya buɗe burgami ya dubi ƙunshin ya ce, "Ke ba tawa ba ce." Bakinsa ya motsa zai ce amma, sai ya ji ƙaya a haƙarƙari, ya rufe burgami.

Ba kwana arba'in suka yi ba, hamsin da biyu suka yi, don sau biyu Kurege yana yanke ta gajeriyar hanya. Wata hantsi Iya ta ɗaga hanci ta ce, "Sauke ni. Mun iso."

Ga ruwa nan ya miƙe har sama, ba ɗinki ko ɗaya. Suka yi ta tambaya, ba wanda ya san wani Sarkin Gishiri. Sai wata ƙaguwa ta nuna musu wani ramammen bushiya can gefe, yana kankarar gishiri a filin wani, ƙayarsa duk ta yi fari.

Iya ba ta jira an kai ta ba. Hancinta ta bi.

"Ƙayau."

Abin kankarar ya faɗi daga hannunsa. "Iya?"

"Me ya riƙe ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Kunya, Iya. Na fita da bankwana da guzurin gari. Na ce ba zan koma hannu rabbana ba. Kullum ina cewa baɗi."

"Wa ya aike ka tsaraba? Kai na haifa, ba gishiri ba."

Ta rungume shi, ƙaya cikin ƙaya, ba wanda ya ce wayyo. Can ta miƙa hannu, Kurege ya ɗora mata ƙunshin. Ta shafa dakuwar ta kowane gefe, ta ji ba a gyara ko'ina ba. Ta raba ta biyu, ta ba ɗanta rabi, ta miƙa wa Kurege rabi.

"Yanzu na yafe."

Kwana tara ta yi a can, tana zaune a rana kusa da ɗanta yana aiki, suna hira. Rana ta goma ba ta tashi ba. Ƙayau da Kurege suka haƙa mata a inda ruwa ba ya kaiwa, kuma ramin nan ne kaɗai Kurege ya taɓa haƙawa ba don cikinsa ba.

Kurege ya koma gida da gishiri na gaske cike da burgami, ya tara gari ya faɗi komai yadda yake. Zabuwa ta ɗanɗana ta ce wannan bai kai na wancan karon ƙarfi ba. Kura ta ce, "Ɗinkin fa?" Ya ce babu ɗinki. Suka dubi juna suka ce, "Wannan karon kam bai je ba."

Shi ya sa in kun ga kurege za ku ga farin zane a haƙarƙarinsa dama da hagu, sawun goyo ne. Kuma yana cikin gudu sai ya tsaya cak, ya miƙe da ƙafa biyu, ya yi ta kallon nesa. Ba ku yake kallo ba.

Ƙurunƙus kan kurege. In ƙarya na yi muku, shi ya koya mini. Mai niyyar ƙaryar tafiya, ya ci geron kowa, amma ya tsallake gidan tsohuwa, in ba haka ba sai ya je.