Kashin Awaki a Ramukan Kawu

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ku karanta dai.

Akwai wani manomi da ake kira Sarkin Tsiya. Tun yana aji uku tsokana ta raba shi da makaranta. Gonarsa tana jikin ta kawunsa.

Da rani, Kawu ya duƙufa haƙa ƙananan ramuka layi-layi a gonarsa, wai don su riƙe ruwan sama. Shi kuwa gogan ya share tasa tas, ya banka wa kara wuta.

"Kawu, kaburburan ɓeraye kake haƙawa? Allah ya jiƙansu!"

"Amin," in ji Kawu, ko ɗagowa bai yi ba.

Wannan amin ɗin ta ƙona masa rai. Wata rana da azahar, da ya zaci tsohon ya tafi gida, ya kwaso kashin awakinsa da ƙaiƙayi da sharar turke, ya bi ramukan ya cike su ɗaya bayan ɗaya. Mako guda yana ba abokai labari yana riƙe ciki. Kawu kuwa ya ci gaba da harkarsa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Shuka ta kai gwiwa, sai sama ta ɗauke, kwana ashirin da uku ko ɗigo. Gonar Sarkin Tsiya ta yi jawur, ganye ya nannaɗe. Ta Kawu kuwa kore shar, in ka tona gindin shuka sai ka ji danshi.

Da kaka, dami huɗu kacal ya kawo gida. Matarsa ta leƙa rumbu, ta dubi yaransu biyar.

"Maigida, dariya za mu ci bana?"



Ana haka sai ga sallamar Kawu, da buhu uku na hatsi a amalanke.

"Ga rabonka."

"Rabon me, Kawu?"

"Ladan taki mana. Ni ko akuya ba ni da ita. Ina ta tunanin abin da zan zuba a ramukan nan, sai ga ka da kaya niƙi-niƙi. Ina gindin bishiya ina kallonka, har addu'a nake kada ka gaji."

Matar ta toshe baki da mayafi. Sarkin Tsiya ya zube ƙasa, ido ya kawo ruwa.

"Kawu, ka rufa mana asiri. Allah ya saka..."

"Tashi, ɗan nema. Godiya ba ta riƙe ruwa. Gobe ka fito da diga, rami ɗari biyar za ka haƙa a gonarka. Ni kuma ina inuwa, ni ne mai tsiyar bana."

Darasi: Kada ka raina dabarar da ba ka fahimta ba, kuma abin da kake kira shara, abincin ƙasa ne. Mai haƙuri kuwa, ko tsiya ka kai masa, taki zai mayar da ita. Ku tura wa manoman da kuka sani, musamman mai bakin nan na unguwarku.